Yankan Lemo da Miƙa Igiya

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san akwai wani wuri a cikin lissafi inda jirgi ya kan tsaya cik. Ƙidaya ba ta ba kowa wahala, don tun kafin mutum ya riƙe fensir ya ke ƙirga awakinsa da damman geronsa. Tarawa da ɗebewa su ma da sauƙi, kasuwa ta riga ta koya mana su. Amma ran da malami ya rubuta lamba a allo, ya ja ɗan layi a ƙarƙashinta, ya sake rubuta wata lamba a ƙarƙashin layin, ya ce wannan ita ce ɗaya bisa uku, ran nan sai aji ya yi tsit, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Wannan shi ne lissafin ɓangare, watau lissafin rabi da sulusi da rubu'i da sauran danginsu. Ba kuwa manya kaɗai ke tuntuɓe a wurin ba. 'Ya'yanmu da ke makarantun firamare na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, a wannan dutsen su ma su ke fasa yatsa, da yawansu kuma daga nan su ke yanke ƙauna da lissafi har abada.

Nufina a nan in duba hanyar da galibin littattafan lissafi na firamare ke bi wajen koya wa yara wannan babi, in auna ta da wata hanya da a ke kira layin lamba, in faɗi inda kowace ta yi daidai da inda ta kasa. Ra'ayina dai, don kada in ɓoye shi, littattafan nan sun sa abin da ya kamata ya zo gaba a baya.

Ya kai mai karatu, ɗauki littafin ɗanka na aji uku ko na aji huɗu, ka buɗe babin ɓangare. Abin da za ka fara cin karo da shi zanen da'ira ne, kamar lemo ko faifai, an yanka ta gida huɗu, an shafe gida ɗaya da baƙi, an rubuta 1/4 a gefe. Ka juya shafi, wata da'irar ce an yanka gida shida. Ka sake juyawa, wani abincin Turawa ne da yaron Kurfi bai taɓa ɗanɗanawa ba, shi ma an yanka. Layin lamba kuwa, in ma akwai shi, sai can ƙarshen babi za ka same shi, ɗan guntu, kamar baƙon da aka tuna da shi bayan an gama rabon tuwo. Ba na cewa yankan lemo banza ne. Yana da amfaninsa. Yaro ƙarami da rabo ya ke fara sanin adalci, in aka ba wansa yankin rake da ya fi nasa tsawo ba sai an gaya masa an ƙware shi ba. Saboda haka a fara masa da abin da a ke rabawa daidai-wa-daida, hikima ce. Laifin littattafan shi ne nan su ke sauka su shimfiɗa tabarma, alhali kuwa zango ne kawai.

Ga ɓarnar da wannan ke haifarwa. Yaron da aka saba masa da lemo, in ya ga 3/4, aiki biyu ya ke yi: ya ƙirga yankan duka, huɗu, ya rubuta a ƙasa, ya ƙirga waɗanda aka shafe, uku, ya rubuta a sama. Zai ci jarrabawa da wannan, malami ya ba shi maki, amma a zuciyarsa 3/4 ba lamba ɗaya ba ce, lambobi biyu ne da aka ɗora wa juna, kowace na zaman kanta. To, daga nan sai sauran kurakurai su biyo kamar jerin tururuwa. Ka tambaye shi 1/8 da 1/4 wanne ya fi, ya ce maka 1/8, don takwas ta fi huɗu. Ka ce ya tara 1/2 da 1/3, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya kawo maka 2/5 yana murna. Ka rubuta masa 7/6, ya ce, "Baba, ai wannan kuskure ne, yaya za a yanka lemo gida shida a ɗauki bakwai?" Kada ka ga wautarsa. Bisa ga abin da aka koya masa, yaron nan ya fi littafin gaskiya.

Abin mamaki, kakar yaron nan da ba ta taɓa shiga aji ba, ba za ta yi kuskurensa na fari ba. Kowace tsohuwa a ƙasar Katsina ta san tumunin takaba. Ta san in miji ya rasu bai bar ɗa ba, matarsa rubu'i ta ke samu, in kuwa ya bar ɗa sai rabonta ya sauka zuwa tumuni. Ba wanda zai ruɗe ta ya ce tumuni ya fi rubu'i yawa. Me ya sa ta san abin da jikanta ɗan aji biyar bai sani ba? Saboda ita a wurinta tumuni abu guda ne mai suna guda, yana da gwargwadonsa, ta san wanda ya fi shi da wanda bai kai shi ba. Hausa ta ari waɗannan sunaye daga Larabci tun da daɗewa, suka zama nata: rabi dai namu ne, sa'an nan sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, tumuni ko sumuni, har zuwa ushiri. Kowanne kalma ɗaya ce. Amma ɗaya bisa takwas kalma uku ce, biyu daga cikinsu lambobi ne, kunnen yaro kuwa wadda ta fi girma ya ke kamawa. Na ga littattafan da ke koya wa ɗan Bahaushe ɓangare ba su ko ambaci waɗannan sunaye, kamar dai ba a taɓa raba gado a ƙasar nan ba sai da boko ya zo.

Kada kuma a ɗauka wannan magana ta ɗakin jarrabawa ce kurum. Dubi zakkar amfanin gona. Manomin da ruwan sama ya shayar masa, ushiri ya ke fitarwa, watau 1/10. Wanda ya yi ban-ruwa da guminsa, da jigo ko da inji, kamar masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaɗuwa kusa da Dutsin-Ma, shi rabin ushiri ne a kansa, watau 1/20. In kowannensu ya sami buhu 20 na masara, na fari ya fid da buhu 2, na biyu ya fid da buhu 1. To, ka ba yaron da ya yi imani cewa babbar lamba a ƙasa ita ce babban rabo wannan lissafi, sai ya juya hukuncin, ya ɗora wa wanda shari'a ta sauƙaƙa wa kaya mafi nauyi. Yaron nan kuwa gobe shi ne akawun da za a kira ya rubuta, shi ne mai auna wa jariri magani a sirinji, shi ne mai haɗa maganin feshi da ruwa.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, kada wani ya ce don makarantunmu ba su da kujeru ne. A shekarar 1978 an yi wa yaran Amurka masu shekara 13 wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Aka ce su kimanta, in an tara 12/13 da 7/8, jimlar da wace lamba ta fi kusa: 1, ko 2, ko 19, ko 21. Wanda ya san 12/13 saura ƙiris ta cika ɗaya, 7/8 ita ma haka, ba ya bukatar takarda, zai ce 2. Amma yara 24 ne kaɗai cikin 100 suka faɗi haka. Fiye da rabinsu suka zaɓi 19 ko 21, watau wasu sun tara lambobin sama, wasu na ƙasa. Irin kuskuren ɗan Kurfi ke nan, ba ragi ba ƙari. A 2012 kuma wani malamin jami'a mai suna Robert Siegler da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan yaran Amurka da na Birtaniya, suka nuna cewa gwargwadon yadda yaro ya gane ɓangare da rabawa a firamare, ya kan nuna yadda zai yi a lissafin sakandare bayan shekara biyar ko shida. Tun a 2010 ma wani kwamiti da shi Siegler ya shugabanta ya ba malaman Amurka shawara su koya wa yara cewa ɓangare lamba ce kamar kowace lamba, su kuma mai da layin lamba babban makaminsu.

To, mene ne layin lamba? Ba wani abu ba ne mai wuya. Miƙaƙƙen layi ne, a sa sifiri a mafarinsa, a yi taku ɗaya a sa 1, a sake yin taku daidai da na fari a sa 2, haka har inda allo ya ƙare. Kowace lamba tana da mazauninta, kuma girmanta shi ne nisanta daga sifiri. Mu ɗauki hanyar motar da ta taso daga Katsina ta bi ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma. A ce tashar Kurfi ita ce sifiri, tashar Dutsin-Ma ita ce ɗaya. Motar da ta lalace a tsakiyar hanya tana kan 1/2. Wadda ta yi rubu'in tafiya tana kan 1/4, wadda ta yi tumuni kuwa tana kan 1/8, ko ƙurar Kurfi ba ta gama karkaɗewa ba. Yanzu tambayi yaro wace mota ta fi nisa, ta 1/8 ko ta 1/4. Ba zai ƙirga komi ba, zai duba ne kawai ya nuna. Motar kuma da ta isa Dutsin-Ma ba ta tsaya ba, ta miƙe hanyar Ƙanƙara, ai ba ɓacewa ta yi ba, ta dai wuce ɗaya ne. Ga 7/6 ta sami wurin zama, 'yar tafiya kaɗan gaba da tasha. Abin da lemo ya ce ba shi yiwuwa, hanya ta nuna shi a fili.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin lissafi na Ingila, John Wallis, ya bayyana ta a littafinsa na aljabara a 1685, da misalin mutum mai tafiya gaba da baya a kan layi ana auna tafiyarsa da yadi. Ɗan layin nan ma da a ke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa, a rubuce-rubucen wani malamin Magrib ne, Abubakar al-Hassar, na ƙarni na 12, aka fara ganinsa, daga can ya ƙetara Turai. Mu kuwa mutanen Katsina ba baƙi ba ne a fagen lissafi, tun da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana na ambaton aikinsa a kan jera lambobi cikin hatimi. Amma wannan wani zance ne.

Abin da ya fi burge ni game da layin lamba shi ne ba ya bukatar a sayo komi. Igiya ta isa. A sami igiya, a miƙe ta a ƙasa, a kafa tsinke a kan ta na hagu a ce sifiri, a kafa wani a na dama a ce ɗaya. Yaro ya ɗauke ta ya ninka biyu, ya ƙulla zare a wurin lanƙwasar, ya mayar ya shimfiɗa: ga rabi. Ya ninka biyu sau biyu, ga rubu'i, da rubu'i biyu, da rubu'i uku. Nan zai ga wani abu da idonsa, ba wanda ya gaya masa: alamar rubu'i biyu ta faɗa daidai kan zaren rabi. Ashe 2/4 da 1/2 wuri ɗaya ne mai suna biyu, kamar yadda a kan kira mutum ɗaya Muhammadu a kira shi Mamman. Littafi ya kan ba da wannan a matsayin doka, wai a ninka sama da ƙasa da lamba ɗaya, yaro ya haddace yau ya manta jibi. Wanda ya ƙulla zaren da hannunsa da wuya ya manta, gama gani ya kori ji. Sa'an nan a ninka igiyar gida uku a sami sulusi, a dawo kan tarawar nan da ta ba da 2/5. A ce wa yaro ya tsaya a kan rabi, ya ƙara tafiyar sulusi gaba. Zai tarar da kansa dab da ɗaya, saura sudusi, watau a kan 5/6. A ce kuma ya nemo 2/5. Zai same ta a baya, ba ta ko kai rabi ba. Sai a tambaye shi, "Kai da ka tashi daga rabi ka yi gaba, yaya aka yi ka sauka bayan inda ka tashi?" Ba sai an yi masa bulala ba, shi da kansa zai yi wa amsarsa dariya. In yaron mai kaifin hankali ne, a ce ya nemo lamba tsakanin sulusi da rabi. Zai ce babu, don babu komi tsakanin 3 da 2. A raba masa igiyar gida 12, ya ga sulusi a kan 4, rabi a kan 6, ga 5/12 zaune tsakaninsu. Duk kuwa yadda lambobi biyu suka matsu, akwai wata a tsakani.

Malaman gado sun daɗe da sanin lambar da ta wuce ɗaya, ko da ya ke ba su zana layi ba. Akwai mas'alar da su ke kira auli, wadda aka fara yanke hukuncinta a zamanin Halifa Umaru. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar mijinta da 'yan'uwanta mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. A ce abin da ta bari tumaki 42 ne. Rabi 21 ke nan, sulusi biyu kuwa 28. In an tara, 49, alhali 42 ne a garke. Rabon ya fi dukiyar da tunkiya 7, watau da sudusi guda: 3/6 da 4/6 sun ba da 7/6. Hukuncin da aka yi shi ne a mai da asalin rabon gida bakwai maimakon shida, kowa ya ɗauki nasa kason na ragin. Miji ya sami 3/7, tumaki 18, 'yan'uwan su sami 4/7, tumaki 24, kowace 12. Ka ga yaron da bai yarda akwai 7/6 a duniya ba, ba shi da ƙofar shiga wannan mas'ala. Wanda ya saba da igiya kuwa nan da nan zai ga rabon ya zarce tsinken ɗaya, ya kuma ga 3/7 ta zauna kaɗan kafin rabi, ya gane da idonsa abin da aka rage wa miji.

Akwai kuma wata makaranta da muka rasa ba mu lura ba, ita ce tsohon kuɗi. Dattawan da suka yi ciniki kafin 1973 sun san sule kwabo 12 ne. Sisi rabin sule, taro rubu'insa, nai rubu'i uku, kwabo huɗu sulusi, kwabo biyu sudusi, ahu kuwa, kwabo da rabi, shi ne tumunin sule cif. Yarinya mai tallan ƙosai a lokacin ta san taro biyu sisi ne, sisi da taro nai ne, watau tana tara 1/2 da 1/4 ta sami 3/4 sau hamsin a yini ba ta san sunan abin da ta ke yi ba. Kuɗin nan a jere su ke a kanta daga anini har sule, kowanne da matsayinsa, wannan kuwa layin lamba ne ba zane. Da aka kawo naira da kwabo ran 1 ga Janairu 1973, lissafin ofis ya yi sauƙi, ba mai musun haka, amma 100 ba ta rabuwa gida uku ko shida ko takwas ba saura. Yaran da suka biyo baya ba su gaji wannan horo na kasuwa ba, sai ya zama aikin duk ya koma kan makaranta. Duk da haka layin bai ɓace daga gari ba. Yana nan a tef ɗin tela, inda aka raba kowane inci gida takwas. Yana nan a allurar man mota, da jikin sirinji, da ma'aunin kafinta. Masu rubuta littattafanmu sun tsallake duk waɗannan sun tafi neman abincin Turawa.

Yanzu kuma sai mu juya wa layin da kansa, don shi ma ba waliyyi ba ne, in aka koyar da shi da ka ya kan yi ɓarna irin tasa. Babban tarkonsa shi ne ƙirga alamomi maimakon ƙirga tazara. In aka raba tsakanin sifiri da ɗaya gida huɗu, alamomin da ke kan layi biyar ne, har da ta sifiri da ta ɗaya. Yaron da ya saba ƙirga abin da ya gani sai ya ƙirga biyar, ya ce humusi-humusi aka raba. Duk mai yin danga ya san wannan: dirka biyar a jere, tsakani huɗu ne. Ɓangare a tsakanin ya ke, ba a kan dirka ba. Don haka ne na fi son igiya da taku bisa zanen allo, gama mai tafiya takunsa ya ke ƙirgawa, ba ya ƙirga inda ya fara tsayawa. Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. In kullum layin da a ke zana wa yaro daga sifiri ya ke tashi ya ƙare a ɗaya, to, lemo ne aka miƙar, ba a sake komi ba. Ran da aka zana masa layi daga sifiri zuwa 4 aka ce ya nuna 1/2, sai ya dangwala yatsa a kan 2, don nan ne tsakiyar zanen. Ya ba da rabin layi, ba lambar rabi ba. Maganinsa tun farko a riƙa jan layin ya wuce ɗaya, yau ya ƙare a 2, gobe a 3, don yaro ya saba neman tsinken ɗaya kafin ya raba komi. Sai kuma sakacin hannu. Malamin da ya zana layi a gurguje, wani gida ya yi faɗi wani ya tsuke, ya rushe darasin da kansa, don duk ginin a kan daidaiton tazara ya ke tsaye. Da'ira ta kan yafe irin wannan sakaci, layi ba ya yafewa.

Akwai kuma wurin da lemo ya fi shi, gaskiya ce a faɗa. In ana maganar rabon gona tsakanin magada, ko sulusin garken tumaki, abin da yaro ke bukatar gani shi ne dukiya guda ana kasa ta. Layi ya fi ƙarfi wajen gwada wace lamba ta fi wace, da wajen gane amsar da ba ta yiwuwa. Don haka ban ce a yage shafin lemo ba. Na ce a taƙaita shi, mako ɗaya ko biyu, sa'an nan a fita waje da igiya, a kuma riƙa dawowa kan layin a kowane darasi har ƙarshen firamare.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi a kan yadda a ke ɓata kyakkyawar dabara. Tun daga 1962 masana suka riƙa taruwa a Entebbe ta ƙasar Yuganda suna shirya wa makarantun Afirka abin da aka kira sabon lissafi, layin lamba kuwa na cikin kayan da ya zo da su. Aka shigo da shi Nijeriya da baƙin kalmomi masu yawa, ba a kuma shirya malamai yadda ya kamata ba. A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya, aka ɗebi malamai da gaggawa. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta soke sabon lissafin daga firamare. Ba layi ne ya yi laifi ba, amma malamin da bai taɓa auna 3/7 da hannunsa ba, in ka ba shi layi, zai mai da shi wata doka ce kuma ta haddacewa.

Saboda haka gyaran daga wurin horon malamai ya kamata ya taso, kuma mu a wannan yanki ba mu da uzurin nisa. A Dutsin-Ma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita ta ke, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa har zuwa 1966, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011. Da ni a ke shawara, da ba ɗalibin da zai karɓi takardar shaidar malanta sai an ba shi igiya da tsinke a fili, an ce ya kafa 5/8 da 2/3 da 9/8, ya kuma bayyana da Hausa, da sunayen da kakanninsa suka sani, dalilin da ya sa kowace ta zauna inda ta zauna. Masu buga littattafai su ma su ɗauko layin daga ƙarshen babi su kawo shi shafi na biyu, su zana tef ɗin tela a inda su ke zana abincin Turawa.

Kafin wannan ya samu, uban da ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana iya gwada ɗansa yau da maraice a ƙofar gida. Ya ja layi a ƙasa da kara, ya sa sifiri, da 1, da 2, da 3, tazara daidai, ya ce wa yaron ya ajiye tsakuwa a kan 1/2, wata a kan 3/4, wata a kan 5/4. In tsakuwar fari ta sauka tsakanin sifiri da 1, ta biyu ta matso kusa da 1, ta uku ta ɗan haura shi, to, malaminsa ya yi aiki, a gaishe shi. In kuwa ya kai ta fari tsakiyar layin duka, ko ya ajiye ta biyu a kan 3, ko ya riƙe ta uku a hannu ya ce ba ta da wuri, sai a kwance igiyar guga a fara daga ninki biyu.